Bakin Rakiya a iyakar Kanada

Rakiya ta zo Greensboro a shekarar 1978, bin miji. Malam Iliyasu na karatun noma a jami'a, ita kuwa tana zaune a ɗan gidansu na haya a bayan titin Wendover, tana yi wa 'ya'yan ɗalibai kitso, tana fama da garin masarar kanti wanda ba ya kama tuwo sai hannu ya gaji. Mace ce mai tsabta da sakin hannu, ba ka shiga ɗakinta ka fito da yunwa. Matsalarta a duniya guda ɗaya ce, sunanta Daso.

Daso 'yar garinsu ce, Gumel, a shekaru ƙanwar bayanta ce, kuma Rakiya ta riga ta zuwa Amurka. Amma kafin Rakiya ta iya shiga bas ita kaɗai zuwa Elm Street, Daso ta koyi tuƙi. Ta samu aikin kula da wata tsohuwar Baturiya a unguwar Irving Park, kullum tana dawowa da sabon labari da Turanci ta hanci. Idan Rakiya ta ji ƙarar motarta a ƙasa, sai miyar ranar ta yi gishiri. Ƙyashi ne tsantsa, ko ita ta san sunansa.

Abu ɗaya Rakiya ta riƙe wanda take ganin ta fi Daso da shi. Daso sunan mijinta take kira gatsau, daga saman bene ma: "Sirajo, miƙo min makullin mota!" Rakiya kuwa tun ranar da aka ɗaura mata aure sunan Malam bai taɓa ratsa haƙoranta ba. Malam ne, ko maigidan, ko kuwa "shi". A taron suna takan gyara ɗankwali ta ce, "Mu dai da kunyarmu muka sauka daga jirgi." Manyan mata su gyaɗa kai, ita kuma ta kwana da daɗi.

A hutun bazarar 1983 Sirajo, mijin Daso, ya kawo shawara: su je Buffalo wurin wani abokinsa, daga nan su hau jirgin ƙasa su ɗan tsallaka Kanada su ga ruwan Niagara. Rakiya ba ta damu da ruwa ba, ta ce ko a Gumel ana ganinsa da damina. Amma da ta tuna Daso za ta dawo da hotuna ta cika wa mutane kunne, sai ta tasa Malam a gaba har ya aika da fasfonsu neman biza. Ranar da biza ta fito, ta goge atamfarta mafi tsada.

Jirgin ya haye gadar kan iyaka da hantsi, ya tsaya. Wani jami'i mai gashin baki ya shigo yana karɓar fasfo kujera kujera. Na Daso bai ɗau lokaci ba, don ita tuni ta sa sunan mijinta a nata. Ya duba, ya buga hatimi, ya miƙa mata.

Da ya zo kan Rakiya sai ya dakata. Nata na ɗauke da sunan mahaifinta, Rakiya Garzali, na Malam kuma wani suna daban. Ya nuna Malam da biro, ya tambaye ta da Turanci, wane ne wannan?

"Mijina," ta ce. Wannan kam ta iya.

"Mene ne sunansa?"

"Malam."

Jami'in ya duba fasfon sama da ƙasa, babu Malam a ciki. Ya sake tambaya, a hankali, kamar mai magana da kurma.

"Baban yara," in ji Rakiya.

Malam ya buɗe baki, jami'in ya ɗaga masa hannu, ya ce ita yake tambaya. Sannan ya rufe fasfonta ya ware shi gefe. Ya ce matar da ba ta san sunan mutumin da take tafiya da shi ba, sai ta sauka su yi magana a ofis, in ta kama ma, ta koma inda ta fito.

Rakiya ta hango kanta a kan bencin tasha da gogaggiyar atamfa, Daso na can tana ɗaukar hoto. Ta kuma hango abin da za ta rasa in ta faɗa, a gaban Daso kuwa. Malam ya sunkuyo ya ce, "Faɗi mana, Rakiya, lalura ce. Na yafe." Ta kawar da kai gefe.

Sai ga Daso ta miƙe tana murmushi. "Yaya, bari in yi masa bayani." Ta juya ga jami'in, ta saki Turancin nan nata, wai al'ada ce, wai mace ba ta kiran sunan miji don girmamawa. "Ni na san shi," ta ce, "sunansa Ili..."

"Iliyasu!"

Rakiya ce, da muryar da duk taragon ya waiwayo. Ta iya jure sauka daga jirgi, amma ba za ta zauna tana kallo Daso ta riga ta ɗanɗana sunan mijinta a bainar jama'a ba. Malam, wanda bai taɓa jin kiran daga wannan baki ba, ya ce "Na'am" kafin ya ankara. Jami'in ya danne dariya, ya buga hatimi.

Ta ga ruwan, an ɗauke ta hoto, amma hankalinta na kan abin da ke jiranta a Greensboro. Da suka koma ta shirya tsaf, ta tanadi amsoshi masu zafi don ranar da Daso za ta kwaikwayi ihun a gaban mata. Kaka ta wuce, sanyi ya shigo, Daso ba ta faɗa wa kowa ba. In an tambaye ta Kanada sai ta ce, "Lafiya lau muka wuce, ni da Yaya." Wannan shirun ya fi motar da Turancin ƙona ran Rakiya, don ta tabbata da ita ce ta kama Daso a haka, da ko kwana ɗaya labarin bai yi a cikinta ba.