Kwaɗon Tsohuwar Jawa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe ranar da na ci kwaɗo a ɗakin wata tsohuwa 'yar tsibirin Jawa na Indonesiya, a ƙasar Holan.

Zamanin mulkin Shugaba Ahijo ne a ƙasarmu. Ina amarya aka tura maigidana Holan karatun noman rani, ya ce ba zai bar ni a garinmu Garuwa ba. Ni da ko Yawunde, babban birninmu, ban taɓa zuwa ba, sai ga ni a wani ɗaki a saman bene, ba rana, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana. Hausa da Fulatanci kawai nake ji, su kuwa ba su da amfani a can.

Ba a jima ba na samu ciki, kuma ya zo mini da laulayi mai tsanani. 'Yar gidan mahauta ce ni, cikin ƙaurin gashin nama na tashi, amma sai ga shi ko warin nama na ji sai amai. Burodinsu da madararsu ma ba sa zama. Na rame har zobena yana zamewa. Likita ya ce wa maigida in ban fara cin abinci ba za a kwantar da ni, kuma ba ya ba da tabbas a kan abin da ke cikina.

"Don Allah ki faɗi abin da ranki ke so," in ji maigida.

Na ce, "Kwaɗon zogalen Dada." Haka muke kiran mahaifiyata.

Ya kalli taga. Ina zai samo zogale a cikin ƙanƙara?

Wata rana da hantsi, yana makaranta, ina kwance sai na ji ƙamshin suyar gyaɗa. Na ɗauka mafarki ne. Can kuma na ji ana niƙa, dutse kan dutse, daga bayan bango. Na miƙe ina dafa gini, na je na ƙwanƙwasa ƙofar da ke kusa da tamu. Maigida ya sha gaya mini kada in shiga ɗakin kowa tunda ba mu san abin da suke ci ba, amma ranar ƙafata ba ta saurare shi ba.

Wata 'yar gajeriyar tsohuwa ta buɗe, da ɗankwali a kanta. Ban san abin da zan ce ba, sai bakina ya yi sallama. Ta zaro ido ta amsa mini cikakkiya, har da wabarakatuhu. Ta dubi fuskata, ta dubi cikina, ta kama hannuna ta ja ni ciki.

A ƙasa ta zaunar da ni, kan tabarma. Ta ci gaba da niƙa gyaɗarta a wani faffaɗan dutse, ta sa barkono, tsamiya da ɗan baƙin sukari. Ta zuba a kan dafaffen kabeji, ɗanyen wake da wani ganye, ta yayyanka wani soyayyen abu fari a kai. Awara ce, wadda yau ake sayarwa a kowane lungu na Garuwa, amma ni a can na fara ganinta. Ta nuna kwanon ta ce, "Gado-gado."

Na ce, "Kwaɗo!"

Ta maimaita, ya fito mata a karkace, muka fashe da dariya. Na yi bisimilla na kai loma ɗaya, na tsaya ina jiran amai. Bai zo ba. Na ƙara. Sai ga tsakar gidanmu a idona, Dada tana marmasa ƙuli-ƙuli, iskar kogin Binuwai tana kaɗa labule. Ina ci ina kuka, tsohuwar tana shafa bayana tana cewa, "Sabar, sabar." Wannan kam na gane, haƙuri take ba ni.

Da maigida ya dawo ya tarar da ni a can, ya tsaya bakin ƙofa fuska a ɗaure. Ya yi mata tambaya da ɗan yaren ƙasar da ya koya, ta amsa, sai na ga jikinsa ya yi sanyi.

"Me ta ce?"

"Ta ce tun da ta baro garinsu ba ta ƙara cin nama ba, don ba ta san hannun da ya yanka ba." Ya dubi kwanon da na suɗe. "Ke kika cinye wannan duka?"

Daga ranar ta ɗauke ni 'ya. Ina kiranta Dada, tana nuna ƙirjinta tana cewa Ibu, wato uwa a yarensu. Abincinta na ganye da wake da gyaɗa shi ya riƙe ni har na sauka lafiya. Ranar suna an yanka rago a Garuwa, mu kuwa shinkafa mai kurkum ta dafa mana, ita ce kuma ta fara yi wa ɗiyata wanka.

Da za mu dawo gida ta rako mu har tashar jirgin ƙasa, ta rungume jaririyar ta daɗe ba ta sake ta ba. Ban ƙara jin labarinta ba. Har yau ina sa ta a addu'a tare da iyayena.

Abin da na koya shi ne, baƙo ba ya faɗin yunwarsa, sai an lura. Shi ya sa duk matar da ta sauka a unguwarmu, 'yar ƙauyukan kan dutse ce ko 'yar kudu, ba na jira mu fahimci yaren juna. Kwano nake fara kai mata.