Bi-a-Sannu da Kyamarar Ƙarƙashin Gada

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan motar gidan burodi, kuma a duk tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takewa ba. Shi ya sa abokan aiki suka laƙaba masa Bi-a-Sannu, sunan ya bi shi har ya danne na gaskiya. Kada wani ya ɗauka nawa gare shi. Kafin 'yan makaranta su fito, burodinsa ya riga ya zauna a kantar shago arba'in da ɗuminsa. In aka tambaye shi sirrin sai ya ce shi bai iya gudu ba, hanya ya sani. Ya san ramin da ke ɓuya in an yi ruwa, ya san danjar da ke daɗewa a ja, ya san kwanar da masu babur ke faɗowa ba sallama.

Wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi ƙafarsa ta hagu ta ƙi jin magana. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma ta zo da sauƙi. Bi-a-Sannu ya dubi likitan ya ce, "Da sauƙi a wajenka. Duk jikin nan ta rasa inda za ta kama sai ƙafar kuloci."

Haka ya dawo gida ya zauna. Mutumin da ya saba fita tun gari bai gama wayewa ba, in ka ajiye shi a falo ka ajiye wa matarsa aiki. Ita tela ce, kekenta na nan gefen taga, kuma a satin farko ya fara gyara mata taka feda.

"Maman Auta, kina taka keken nan kamar ya yi miki laifi. Inji lallaɓa shi ake yi."

"Malam, shekara nawa ina ɗinki kana kan titi? Ka bar ni da injina."

Da abin ya ishe ta sai ta kira babban ɗansu da ke aiki a wani gari, ta ce ya nemo wa ubansa abin yi kafin ɗayansu ya bar wa ɗaya gidan. Ɗan ya zo da waya mai faɗin fuska, ya buɗe masa shafin da hukumar hanyoyi ke nuna kyamarorin da ta kafa a manyan titunan gari. Guda goma sha huɗu ne, kowace tana nuna abin da ke faruwa a daidai lokacin. Bi-a-Sannu ya karɓa yana yatsine, wai shi abin yara ne. Da ya ga ƙofar tasha, ya ga motoci na motsi, har ya gane wani direban bas da suka yi shekara goma suna zagin juna a kan wurin ajiye mota, sai ya manne wa wayar. Ranar abincinsa ya huce bai taɓa ba.

Ana cikin haka autarsu, wadda kowa ke kira Auta, ta ce tana son motar da ubanta ya bari. Tana da lasisi, tana da hannu, kuma ta gaji da zaman jiran aikin ofis da bai zo ba. Manajan gidan burodin ɗan tsohon mai gidan ne, wanda Bi-a-Sannu ya sha kaiwa makaranta a gaban mota yana tsotsar yatsa. Kunyar Bi-a-Sannu ce ta hana shi cewa a'a, amma ya kafa sharaɗi: gwajin wata uku, in ta makara sau uku ta ajiye makulli. Sauran direbobi suka yi ta dariya ƙasa-ƙasa, suna cewa ko wata ɗaya ba za ta kai ba.

Daga nan tsohon ya samu ofis. Ƙarfe shida na safe yana kan kujerarsa, matashi a ƙarƙashin ƙafar da ta gaza, babbar waya a jingine da gwangwanin sukari, ƙaramar tsohuwar wayarsa a hannu don kira. Auta na saƙale da abin ji a kunne, shi kuma yana ba ta hanya. Kallonsa ma daban yake da na mutane, don shi ba motoci yake ƙirgawa ba. In ya ga masu sayar da lemo sun sauko tsakiyar titi a kyamarar tasha, ya san cunkoso ya kafu. In maigadin asibiti ya fito bakin kwalta yana ɗaga hannu, to ciki ya cika ya fara tumbatsa. A shataletale kuwa fuskar jami'in da ke ba da hannu yake dubawa: in dogon ne, hanya za ta tafi, in gajeren ne mai son hira da direbobi, gara a zagaya.

Kafin wata ya ƙare labari ya bazu a layi. Mai tasi na kira, ungozoma maƙwabciyarsu na leƙowa ta taga da jakarta a kafaɗa, malamin makaranta ma da ke tafiya a keke sai ya tambaya, don dai a yi da shi. Bi-a-Sannu ya yi ƙiba, ya koma waƙe-waƙensa na cikin mota, har ya daina kula da yadda ake taka feda. Daɗi yake ji ƙwarai, kuma bai ɓoye ba.

"Ga mai gadin gari ya hau aiki," in ji matarsa in ta ajiye masa shayi.

"Ki yi a hankali da bakinki, garin nan a hannuna yake."

Makarar farko ba laifin kowa ba ce, ƙusa ce ta shiga taya. Ta biyun kuwa har yau in aka tuna masa sai ya sunkuyar da kai.

Ranar an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a gabashin gari, unguwarsu kuwa ko ɗigo. Auta ta kira daga danjar da ke kafin gada.

"Baba, motocin da ke tahowa duk a jiƙe suke. Ina ganin in hau ta sama, kada ƙarƙashin gada ya cika."

Ya duba kyamara ta tara. Kwalta a bushe ƙayau, motoci biyu da wani mai keke.

"Ta sama akwai layi har kasuwa. Ƙarƙashi a bushe yake, ina kallonsa."

"Baba, anya?"

"Ke idonki biyu, ni nawa goma sha huɗu. Bi kawai."

Ta ce to. Ya ajiye waya yana jin kansa. Can matarsa ta zo ɗaukar kofi, ta tsaya a bayansa, ta ƙura wa wayar ido.

"Malam, wannan mai keken ba ya gajiya ne? Tun da na kawo maka shayi ƙafarsa ɗaya take a sama."

Ya duba. Mai keke na nan inda yake, motocin biyu ko motsi. Hoton jiya ne kyamarar ta tsaya a kai. Akwai ɗan agogo a kusurwar hoton da zai gaya masa haka, amma rubutun ƙanana ne, shi kuwa tabarau ɗin da likita ya ba shi na cikin aljihun tebur, don a ganinsa direban kirki ba ya sa tabarau. Ya lalubo ƙaramar waya. Ya kira, ya sake kira, ba a ɗauka ba. Lokacin Auta na tsaye cikin ruwa har gwiwa, injin ya sha ruwa ya mutu, ita da wasu masu wucewa suna turi. Burodi bai isa shaguna ba sai goma saura.

Da yamma ta shigo da takalmanta a hannu. Ya so ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi, amma ba ta yi ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa tana matsa masa ita kamar yadda ta saba.

"Gobe zan sa a kai ni wajen manaja," ya ce. "Zan gaya masa ni ne."

"Kada ka je, Baba. Ni ke riƙe da sitiyari. Na ga ruwan da idona, na bar idona na bi bakinka." Ta ci gaba da matsa ƙafar. "Saura sati uku, kuma saura makara ɗaya. Alfarma nake roƙo. Kada ka ƙara kirana a kan hanya har gwajin ya ƙare. In zan faɗi, in faɗi da kaina."

Maganar ta soke shi, ba ƙarya. Ya buɗe baki zai ce shekara talatin da ɗaya, sai ya tuna mai keken, ya rufe. Ya ce ya yi alkawari. Don kada hannu ya riga zuciya, aka shirya cewa daga shida zuwa takwas ƙaramar wayar za ta zauna a aljihun keken ɗinki.

Sati ukun nan ya sha wuya, amma bai fasa hawa kujerarsa ba. Ya ciro tabarau ya sa, ya ce wai don hasken wayar ne. Ya koyi sabuwar ɗabi'a: kafin ya yarda da kowace kyamara sai ya ga wani abu ya motsa a cikinta, ko tsuntsu ne ko leda. Maƙwabta da suka ji labari suka ɗan ja baya kwana biyu, sannan suka dawo, don duk da haka ya fi su sanin gari. Motar burodi kuwa yana ganin ta tana wucewa daga kyamara zuwa kyamara, fara mai ƙofar baya shuɗiya, yana yi mata magana ita ba ta ji.

"Sa sigina. Yawwa. Bar shi ya wuce, mahaukaci ne."

Ranar ƙarshe ta gwaji, bakwai saura kwata, wata tirelar siminti ta kwanta a shataletale ta rufe hanya uku. Cikin minti goma gari ya ɗaure. Masu lemo suka sauko titi a kyamarar tasha, a ta asibiti, har a inda bai taɓa ganin su ba. Ya hango motar Auta a kyamara ta biyar, tana dosar tsakiyar abin, kuma rabin shagunanta na ƙetaren gari wajen makarantu. Shi yana da mafita a kansa: ta juya yanzu, ta bi gefen layin dogo. Doguwar hanya ce, amma in ba a yi sake ba za a isa da ƙyar.

"Maman Auta, ba ni wayar."

Ta tsayar da keke, ta jawo aljihu, ta ajiye masa ita a kan tebur.

"Ga ta. Kai ka yi alkawarin, ba ni ba."

Ya ɗauka. Babban yatsansa na kan lambar. Yana jin ƙafar da ta mutu kamar tana neman kuloci. In ya yi shiru yarinyar ta rasa aikin, da wane ido zai kalle ta? In kuma ya kira, ya gaya mata ke nan bai yarda da ita ba. Ya kife wayar, ya ɗora gwangwanin sukari a kanta.

Sai ya ga motar ta sa sigina ta shige wani lungu kusa da masu buga bulo, ta ɓace. Ya dafe kai. Ya san wurin nan sarai, fili ne da wani ƙaton rami a bayansa, ba ya ɓullewa ko'ina. Ya bi kyamarorin ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya sake bi, babu ita. Matarsa ta bar ɗinki ta jawo kujera kusa da shi. Bakwai da minti ashirin, a kyamara ta goma sha biyu, can gaban makarantar firamare, farar mota mai ƙofa shuɗiya ta fito daga wani titi tana tafiyarta a natse, ta tsaya a ƙofar shago. Bi-a-Sannu ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Da yamma Auta ta shigo ta ajiye makulli a kan tebur. Manaja ya ce ta riƙe, motar tata ce. Uwarta ta rungume ta. Shi kuwa bayan ya sa mata albarka, abin da ke cin sa tun safe ya fito.

"Ta ina kika bi? Bayan masu bulo ai rami ne."

"An cike shi tun bara, Baba. An shimfiɗa hanya ta wuce bayan makarantar koyon jinya, ta faɗa titin firamare. Ba a sa mata kyamara ba. Kullum in na tashi aiki nakan ɗan zaga lunguna in ga inda suke ɓullewa."

Ya ɗauki makullin yana jujjuya shi. A garin da ya ɗauka ya haddace, akwai hanya sukutum da bai taɓa takawa ba, kuma 'yarsa ce ta san ta. Ya zaci zai ji haushi, ya lalubi zuciyarsa bai samu ba, sai wani sanyi.

"Ranar hutunki," ya ce yana kallon gefe, "in manaja ya yarda da motar, ko za ki nuna mini ita?"

Ranar hutun, Auta ta kama shi ya hau kujerar gefen direba, ta ɗaga masa ƙafar ta shigar. Bai taɓa zama a wannan kujerar ba. Ya ga ashe daga nan madubi ba ya nuna komai, kuma titi ya fi faɗi. Ya ɗora hannuwansa a cinya don ya rasa inda zai sa su. Suka wuce masu bulo, suka hau sabuwar kwalta, har suka iso inda hanya ta rabu biyu.

"Nan hagu za mu yi ko dama?" ya tambaya.

"Dama, Baba."

"To," in ji shi, ya gyara zama.