Farin Saƙin Da Ya Koma Gida

Shekarun baya, tun kafin alhazan ƙasarmu su fara zuwa ta jirgin sama, sana'ar ga-ruwa nake yi a Makka. Gwangwani biyu a sanda, sanda a kafaɗa, in hau tudu in sauko har rana ta yi tsaka. Har gobe kafaɗar nan ba ta yafe mini ba. Muna zaune a unguwar Tandabawi ni da mahaifiyata, a ɗakin kwano da buhu da mahaifina ya kafa da sunan wucin gadi, ya rasu ya bar mu a ciki.

A goye aka fito da ni daga garinmu, a gonakin audugar Sudan na yi wayo, don haka ban san gida ba sai a bakinta. Duk abin da suka taho da shi hanya ta cinye, ban da abu ɗaya: wani farin saƙi da ta kaɗa zarensa da hannunta tana amarya. Niyyarta ta tsoma shi a Zamzam yadda alhazai ke yi wa likkafaninsu, ta koma gida, in ta cika a sa ta a ciki a binne ta kusa da iyayenta.

Kowace shekara da an sauko daga Arfa sai ta ce, "Kai wannan, ɗebo mini Zamzam. Bana za mu tafi." Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ni da na wuni ina jidar ruwan mutane, sai in sake saɓa sanda in nufi Harami. Mu tsoma ƙyallen, mu shanya a kan dutse, in zauna gadinsa da gemuna kar awakin maƙwabta su tauna. Sannan in bi masaukin alhazai ɗaki ɗaki ina tambayar ko akwai mutumin garinmu. Wallahi na gaji. Na san ba mu da guzuri, na san gwiwoyinta ko gangaren unguwa ba sa iya sauka balle su ƙetare teku. Amma wane ɗa ne zai buɗe baki ya faɗa wa uwarsa haka?

Wata shekara wani abokina, da ke aiki wurin wani mai saukar alhazai, ya tare ni a bakin famfo. "Yalla, maza ajiye gwangwanin nan. Na samo maka tsohuwa daga garinku." An auro ta garin ne bayan fitowarmu. Na hau da ita tudunmu, ina ɗauke da ƙunshinta, tana mita tun daga ƙasa har sama.

Mitar kuwa ba ta tudu ba ce. "Yaya," ta ce wa mahaifiyata bayan sun gaisa, "ni fa da niyyar mutuwa na zo. Na sallami kowa, na yafe wa kowa, don a binne ni a ƙasar nan mai tsarki. Ga shi an gama Hajji ko mura ban yi ba, jikana kuma ya ce jibi sai Jidda."

"Ni kuwa," in ji mahaifiyata, "da niyyar komawa na zo."

Ta shiga tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya. Wane fa? Ya rasu. Wance fa? Ta daɗe. Gidan iyayenta wasu baƙi ne a ciki. Abin da ya saura yadda ta bar shi tsamiyar bakin maƙabarta ce kawai. Tsohuwar ta hango farin saƙin a shanye, ta tashi ta shafa shi, ta ce rabonta da ganin irin zaren nan tun tana budurwa. Ta kwance ƙunshinta ta fito da nata likkafanin, alawayyo na kanti, shi ma ya sha Zamzam.

"Yaya, mu yi canji mana."

"Mu yi me?"

"Canji. Maganar Turawa ce, ta cika Kano. Ki ba da sule a ba ki kwabbai, canji. Ki sauka daga wannan jirgin ƙasa ki hau wancan, canji. Yaron Bature in ya tuɓe riga ya sa wata, shi ma wai canji ya yi."

"Mu musaya muka sani."

"Ita ce dai, ta shiga birni."

Mahaifiyata ta ce, "Ashe har maganar garin ba ta tsaya jirana ba."

Nan na fahimci abin da ake nema a hannunta. Ta ɗauko ƙyallen ta ninke a cinyarta, ta daɗe tana shinshina shi. Sannan ta miƙa. "Halas. Ke ki kai nawa gida, ni in riƙe naki a nan. Amma ki bar wasiyya, wajen tsamiyar nan za su sa ki." Tsohuwar ta ce ta ɗauki alkawari. Suka rungume juna suna kuka, ni kuma na fita waje ina gyaran igiyar gwangwani da ba abin da ya same ta.

Da shekara ta zagayo, aka sauko daga Arfa, na saɓa sanda tun ba ta yi magana ba. Ta dube ni ta ce, "Huta, ɗan nan. Ai ya riga ya isa."

Ba ta ƙara cewa bana za mu tafi ba har Allah ya karɓi ranta, muka sa ta a alawayyon baƙuwa muka binne ta nan Makka. Yanzu jikokina ma canji suke cewa idan sun ga damar yin Hausar, ban taɓa gyara musu ba. Na yi shekaru ina roƙon Allah ya raba ni da wahalar ɗebo ruwan nan, ya kuwa amsa. Ranar da na ajiye sandar a bakin ƙofa na gane cewa ni ma, da duk gunagunina, ina jiran banar nan ta zo.