Kaka da Rigar Baftisma

Wata dattijuwa tana ta kai-kawo a ƙofar tsohuwar majami'ar San Roque, takalmanta a hannu, farar rigar jariri a kafaɗarta. Ta leƙa ciki, ta fito, ta sake leƙawa.

"Kaka, yau babu baftisma a nan," in ji Pacing mai sayar da kyandir. "Wace San Roque aka ce miki? Ai kowane gari da tasa."

"'Yata dai San Roque kawai ta ce."

Ina jin da gangan 'yar ta ɓoye mata sunan garin. Wataƙila tsohuwar ma ta gane. Duk da haka ta goga rigar a ƙafar mutum-mutumin waliyyin, ta sa takalmanta, ga ta can tana tsayar da motar gari na gaba.