Jarkar da Ta Sha

Shekara tara na yi a wani kamfanin roba a Kano, kafin tsuke bakin aljihun gwamnati ya rufe shi, kowa ya kama hanyar garinsu. Na dawo Gwarzo da tabarma da rediyo da wani ilimi da babu mai nema.

Aikina a can shi ne gasa ƙwayar roba kafin a zuba ta a inji. Mutane suna ganin roba sumul, sai su ɗauka ba abin da ke shiga jikinta. Iska na shiga, tururi na shiga, wari ma na shiga, su narke a cikinta kamar gishiri a miya. In ba ka gasa ƙwayar ta fitar da abin da ta sha ba, inji na narkar da ita iskar za ta taso, buta ta fito da ƙuraje, kwana biyu ta tsage a hannun mai alwala. Na sha faɗa a kan wannan har na haddace shi, na kuma daɗe ina jin haushin ba wanda ya taɓa tambayata.

Yayata tana zaune a Kabo. Tun rasuwar mijinta take sayar da kunun zaƙi a bakin tasha, da shi ta riƙe gidanta, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, sai ga tsofaffin jarkoki sun cika kasuwa da araha. Ba ta tambayi inda suka fito ba, ta sayi huɗu. Ashe na masu giya ne da suka tattara suka bar sana'ar.

Ba a daɗe ba magana ta fara zagayawa, wai kunun Yaya yana wani irin wari. Ana tsegumi, ana kuma saye, don kununta ba shi da na biyu a tashar. Da maganar ta yi yawa, mai unguwa ya ce a zauna bayan la'asar, ita kuma ta aiko min in zo in tsaya mata.

Na tarar da dattawa a zaure, Yaya tana tsugune daga bakin ƙofa da jarka ɗaya a gabanta. Bayan an gama gaisawa, liman ya tambaye ta yadda ta wanke su.

"Allah gafarta Malam, sau bakwai. Da sabulu, da toka, da yashi, na kuma kifa su a rana."

Liman mutum ne mai son sauƙi. Ya ce tunda ba da saninta ba ne, kuma roba ba tukunyar ƙasa ba ce da za ta tsotsi najasa, wanki ya tsarkake ta. Har ya ɗaga hannu zai yi addu'a, wani dattijo mai shagon taya ya gyara murya.

"To in an wanke sau bakwai, warin daga ina? Sai dai in ana zuba wani abu."

Raina ya ɓaci. Matar da ko goro ba ta ci sai ta yi bisimilla. Amma ba zan ɓoye ba, akwai kuma wani daɗi da ya taso min, yau ga ranar ilimina ta zo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba abin da take zubawa. Jarkar ce ta sha."

Liman ya sauke hannunsa, ya dube ni.

"Ta sha, Malam?"

Na zage na yi bayani, da ƙwaya da inji da ƙurajen buta. Na ce tururin giya ya shige cikin jikin robar, in an zuba kunu da ɗumi sai zafi ya taso da shi.

"Wanki yana kai wa wurin?"

"Ba ya kaiwa, Allah gafarta Malam."

"Ko sau nawa?"

"Ko sau ɗari."

Sai liman ya ce ashe shi ne ya yi kuskure. In haka ne hukuncinta hukuncin tukunyar da najasa ta ratsa, ba ta tsarkaka. Yaya ba ta da laifi ko kaɗan, amma jarkokin sun tashi daga aiki. Dattawan da suka yi wata uku suna karyawa da kunun suka fara istigfari, wani ya leƙa waje ya tofar da yawu. Na yi ta cewa wari ne kawai, abin da ke fitowa ko ƙuda ba zai bugar ba. Ba wanda ya saurare ni. Rabin farko na maganata suka ɗauka, suka bar min sauran.

Washegari na kai mata sababbin jarkoki fil daga Gwarzo. Amma kalmar ta riga ta isa tasha. Direbobi sukan tsaya su ce, "Hajiya, yau jarkar ta sha, ko azumi take?" A yi dariya, a wuce wurin mai koko. Kafin a shiga damina ta daina fita.

Na je duba ta wata ranar Juma'a. Tsofaffin jarkokin an yanke su gida biyu, awaki na cin dusa a ciki, sababbin kuma suna jingine a bango ko murfinsu ba a sake buɗewa ba. Na fara cewa ai gaskiya na faɗa, kuma don in kare ta ne.

Ta ci gaba da tsince wakenta, ba ta ɗago ba.

"Na sani, Auta. Wata uku ana zargina, ina sayar da kununa. Rana ɗaya ka zo ka wanke ni, ga ni nan a zaune."