Baba Kwafi-Biyu, Takardata Ta Fito

Daga Allah muke, kuma komawarmu gare Shi ce. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina tsaye kan wata ƙofar ƙarfe da ake shafa wa fenti, wayata ta yi ƙara. Babbar 'yarka ce. Ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Kai ke nan, mai kula da ɗakin ajiyar takardu na ƙaramar hukumarmu, wanda duk mai tsayawa a tagarka ya sani da Baba Kwafi-Biyu. Ka rasu a asibiti bayan jinyar kwana goma sha ɗaya, saura wata biyar ka ajiye aiki.

Zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba, domin kai ba ka son ƙumbiya-ƙumbiya. Bayan na yi maka addu'a, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, to takardata fa? Na ji kunyar kaina, amma haka aka yi.

Ni ban gaji ko allura ba. Da kyar na gama sakandare, na fara walda da injin aro a gindin katangar wani. Yau shekara ashirin da shida ina da shagona, mutum goma sha huɗu suna ci a ƙarƙashin rufinsa. Hukuma ce ta ba ni filin da takardarta, amma ruwa ya zubo ta rufi wata shekara ya mayar da abin da ke cikin akwatina kamar dussa. Ban damu ba, na ce wa bai san wurin nawa ne ba? Sai ga ma'aikata a ƙarshen Maris sun shafa jan fenti a bangona, suka ce duk wanda bai kawo shaidar mallaka cikin kwana sittin ba, za a rushe masa.

Na sa manyan kaya na nufi sakatariya. Ban nemi taga ba, manyan ofisoshi na nema, domin a ganina mutum kamata ba ya bin layi. Kwana ashirin ana ba ni kujera mai laushi, ana ce mini ba a ga fayil ɗina ba. Wata mai buga takardu ce ta ji tausayina, ta nuna mini ƙofar da ke can ƙarshen baranda.

Na same ka a tsakanin kantoci har rufi, fayiloli ɗaure da zare, fanka tana kuka a kanka. Abin da idona ya fara gani shi ne waldar ƙarfen tagarka, aikin banza ne, kuma na faɗa maka. Ka yi dariya ka ce, "Mai ƙarfe, gyaran taga ka zo ko neman takarda?" Na ce fayil ɗina nake so. Ka ce, "Kowa fayil ɗinsa yake so. Wace takarda, ta wace shekara, wa ya sa mata hannu?" Ban san ko ɗaya ba.

A ranar ka koya mini abin da manya ba su faɗa mini ba. Ka ce takarda kamar akuya take, in ta ɓata sawunta ake bi. Fayil yana iya salwanta, amma akwai littafin da ake shigar da wasiƙun da suka shigo, akwai kundin zaman kwamitin da ya amince, akwai littafin wasiƙun da suka fita, kuma da wuya duka ukun su ɓace tare. Da na kasa tuna shekarar, ka tambaye ni me kuma ya faru lokacin da na haƙa harsashin ginin. Na ce a watan aka haifi ɗana na fari. Ka ce in je in ɗauko takardar haihuwarsa. Haka muka sami shekara da wata.

Ka ce in rubuta buƙatata. Na cika shafi biyu da tarihin wahalar da na sha. Ka karanta tsaf har ƙarshe, ka ce na yi ƙoƙari a rayuwa, sannan ka sa biro ka mayar da shi layi huɗu: sunana, lambar fili, shekara, da ainihin abin da nake so a ba ni. Ka sa na kwafe sau biyu, ka buga wa kowanne hatimi da kwanan wata da lamba, ka miƙo mini ɗaya. Ka ce, "Wanda ba shi da wannan a aljihu, bai taɓa zuwa nan ba."

Kwana shida kana bincike. A na bakwai ka ɗaga wani kundi mai baƙin bango ta bayan taga, na ga sunana da lambar filina. Na ce ka ba ni minti biyar in tsallaka titi a ɗaukar mini hotonsa. Ka ƙi. Ka ce abin da ya fita ta taga takarda ce kawai, sai ya bi ta hannun sakatare ya sa hannu zai zama hujja. Raina ya ɓaci, na ce irinku ne kuke kashe mutane da ƙa'ida, na faɗa da ƙarfi a gaban jama'a. Ka ci gaba da rubutu a littafinka. Bayan mako guda ka faɗi a bakin aiki.

Na gode wa Allah da Ya sa na taka zuwa asibiti. Ni ba mai saurin ba da haƙuri ba ne, matata shaida ce, amma na durƙusa a gefen gadonka na nemi gafara. Ka buɗe ido da kyar ka ce, "Na yafe. Kana nan da kwafinka dai ko?" Har 'yarka sai da ta yi dariya tana share hawaye.

Kwana uku bayan rasuwarka na koma sakatariya, wa'adina saura kwana goma sha ɗaya, ina jan ƙafa. Na tarar da wata ma'aikaciya a kujerarka, ba ta san ni ba, ban san ta ba. Na buɗe baki zan fara ba ta labari daga farko, sai na fasa, na miƙa mata kwafina. Ta duba lambar, ta buɗe littafi. A gefen sunana ga rubutunka da fensir: kanta ta huɗu, kundi mai baƙin bango, shafi na ɗari biyu da sha biyu, an kai wa sakatare, saura sa hannu, mutumin yana da wa'adi, a gaggauta. Kwanan watan da ka sa, ranar da na ci maka mutunci ce. Ashe abin da kake rubutawa ke nan ina zage-zage.

Ta ce mini haka ta tarar da kowane layi na littafin, ba ka bar komai a kanka kaɗai ba. Ranar Laraba takardar ta fito da hatimi da sa hannu. Da hannuna na shafe jan fentin nan, mutanena goma sha huɗu suna tsaye suna kallo. Wata biyu ban ci abinci na ji ɗanɗanonsa ba sai ranar.

Ba ni kaɗai ba ne. A gidan gaisuwa na haɗu da wani dattijo da bai iya rubutu ba, ya ce kai kake rubuta masa buƙatarsa, ka karanta masa sau biyu kafin ya dangwala. Wata baiwar Allah ta ce takardar haihuwar 'yarta ka tono mata, har yarinyar ta sami makaranta. Abokan aikinka sun ce shekara talatin da huɗu ba ka taɓa cin abinci a ɗakin nan ba, don kada ɓera ya san hanya.

Na ga irin ciwon da ka sha a kwanakin ƙarshe, kuma zuciyata ta natsu da cewa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka biyar, da ƙannenka, da abokan aikinka. Babbar 'yarka ta ce an fara ce mata ta je ta dawo kan takardun haƙƙinka. Ki kwantar da hankalinki, 'yata, ranar Litinin tare za mu je, kuma layi zan bi kamar kowa.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙurin rashinka. Ranar da za a buɗe littafin kowa, Allah Ya miƙa maka naka a hannun dama. Amin.