Watandar Tiyata Saboda Ɓeran Babana

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Malali, na taɓa karaɗe garin Kadunan nan da ɓera a cikin kwali ina neman wanda zai yi masa tiyata. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu dariyar nake yi. A lokacin kuwa ko murmushi ba na iyawa.

Ɓeran Masar ne. A ƙauyenmu can kudancin Kaduna kiwonsu ake yi don nama, kuma gwaggona ce ta kawo shi a kwando, ta ce a yi wa Baba farfesu ko bakinsa zai buɗe. Lokacin ba a daɗe da rasuwar mahaifiyata ba. Da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata, aka yi mata allurar barci, ba ta farka ba. Tun daga ranar Baba ya shige ɗaki. Ba coci, ba zaman ƙofar gida, rediyonsa ma ya daina kunnawa. Ga yanar ido ta rufe shi, sai dishi-dishi yake gani, amma da ka ambaci asibiti zai ce, "Can na baro uwarku. Ku ƙyale ni haka nan."

Har na jajjaga attaruhu na ɗauko wuƙa, ɗan banzan ya kama kuka, kui-kui-kui. Sai na ji Baba daga ɗaki yana cewa, "Mene ne ke kuka haka?"

Na ce, "Farfesunka ne, Baba."

Ya ce in kawo masa. Ya ɗora shi a cinya, ya shafa bayansa, can ya ce, "Yunwa yake ji." Washegari mutumin da ya yi watanni bai taka waje ba ya ɗauki sanda da lauje, ya lalluba zuwa filin da ke bayan gidanmu a Unguwar Dosa, ya yanko ciyawa cike da leda. Ya raɗa masa suna Auta. Ni da nake autar gidan tun haihuwata aka tsige ni ba ko sallama.

Daga nan komai ya sauya. Da Auta ya ji ƙarar leda zai fara ihu, Baba kuma ya ce, "Ina zuwa, sarkin ci!" Saboda ciyawa ya dawo gaisawa da maƙwabta, saboda ciyawa ya dawo cin tuwo.

Ana nan wata safiya ya kira ni. "Zo ki taɓa nan, ƙarƙashin haɓarsa." Yatsunsa suka riga idona gani. Wani kumburi ne kamar ƙwayar gyaɗa, kafin mako ya zagayo ya kai lemun tsami. Auta ya rage cin abinci, Baba ma ya fara ture kwano. Na ga muna komawa inda muka fito, hankalina ya tashi sosai.

Asibitin dabbobi na farko da na je, na karnukan manya ne, har da sanyin na'ura. Suka duba suka ce ƙurji ne mai mugunya a ciki, sai an yanka an cire. Da suka faɗi kuɗin na ce su maimaita, don na ɗauka da ragon wani suka haɗa ni. Albashina gaba ɗaya bai kai ba. Na biyu kuwa suka ce su shanu da tumaki suka sani.

Na kira yayana in gaya masa, ya yi dariya har da tari. "Ke, ki sayo wani mana ki saka a kejin. Baba ba gani yake yi ba."

Na ce, "Yaya, mutumin da ya gano ƙurji da yatsa shi za ka yi wa musaya? In ka iya, zo ka yi da kanka." Na kashe wayata.

Wata abokiyar aikina ce ta kwatanta mini wata likitar dabbobi a Unguwar Kanawa, wadda ke sayar da maganin kaji a gaban shago, ɗakin aikinta na baya. Ta juya Auta a hankali, ta ce za ta iya. Amma kuɗinta ma ya fi ƙarfina. Na marairaice na ce, "Likita, abin da bai cika tafin hannu ba?"

Ta ce, "Malama, ba girmansa ke cin kuɗin ba. Sai na tada janareta, in dafa kayan aiki, in buɗe sabuwar kwalbar maganin barci, in kira mai taya ni. Ko dabba ɗaya ce ko biyar, duk sai na yi wannan. Shi abin da zai sha a kwalbar ɗigo ne."

Nan take wata dabara ta faɗo mini. A makarantarmu ni ce uwar watanda. Duk Kirsimeti da Sallah ni nake bin malamai a haɗa kuɗi a sayi saniya, a yanka a kasa kowa ya ɗauki kasonsa. Na ce, "To in na kawo miki wasu dabbobin rana ɗaya, a raba kuɗin ɗakin a tsakaninmu fa?"

Ta kalle ni ta fashe da dariya. "Watandar tiyata? Kawo su."

Jama'a, na yi yawo! Na fara da Hajiyar da muke katanga ɗaya, wadda kyanwarta ba ta da wurin haihuwa sai cikin atamfofinta. Na ce ana iya tsayar mata da haihuwar. Ta riƙe baki. "Ke Malama, kyanwa ma tsarin iyali? Oh ni! Amma in don Baba ne, sa ni a ciki." Na samu wani dattijon cocinmu da ke son a yi wa karensa fiɗiya, da wani tela mai zomo da ƙari a baya. Da aka kasa kuɗin, nawa ya dawo abin da zan iya ɗauka ba tare da na ci bashi ba.

Ranar aikin na fito da kwali, sai ga Baba a tsakar gida cikin kayansa na zuwa coci. Na ce ya zauna, yanzu zan dawo. Ya ce, "Ranar uwarki ma haka kuka ce mini." Sai na tare mana Keke Napep.

Likita ta auna Auta a sikelin abincin kaji. Baba ya laluba ya kama hannunta ya ce, "'Yata, zai farka?"

Ta ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, ƙananan nan wani lokaci ba sa tashi. Farkawa ta Allah ce. Amma ba zan matsa daga kansa ba."

A nan ne tsoro ya kama ni da gaske. Na ce a raina, na shiga uku, in abin nan bai tashi ba, ni da hannuna na kawo tsohon nan ya sake ganin ranar da ta kwantar da shi. Muka zauna a benci, Hajiya na jan carbi, Baba na motsa baki, ni kuwa addu'ar ma ta ƙi haɗuwa.

Aka fito da Auta naɗe a tawul, da gorar ruwan ɗumi a gefensa, an aske haɓar an ɗinke. Ko motsi babu. Aka ɗora wa Baba a cinya. Ya shafa, ya kira sunansa, shiru. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro ledar ciyawar da ya yanko da safe ban sani ba, ya murza ta kusa da kunnen Auta. Ya sake murzawa.

Can muka ji wata 'yar murya, da ƙyar: kui.

Hajiya ta ce, "Allahu Akbar!" Baba kuwa ya sunkuyar da kai ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar jana'iza. Ni ma na taya shi, a gaban tela da kare da kowa.

A hanyar komawa, muna cikin Keke, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Shi wannan aikin idon, barci ake sa mutum?"

Na ce, "A'a Baba, idon kawai ake kashewa, kana farke."

Ya ce, "To ki tambayo mana rana."

Har yau in na tuna, mamaki nake yi. Na yi lallashi, yayana ya yi faɗa, fasto ya yi wa'azi, duk ba mu motsa shi ba, sai abin da na so in dafa da attaruhu. Tun lokacin ba na raina abin da wani ya riƙe da muhimmanci, ba na kuma jin kunyar ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta in abu ya fi ƙarfina.

Ranar da aka cire wa Baba bandeji bayan aikin idon, muna isa gida keji ya nufa. Ya ɗaga Auta ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kai! Ashe fari da ja ne kai? Ni duk zatona baƙi nake kiwo." Sannan ya juyo ya ƙura mini ido, har na tsargu.

Ya ce, "Ke kuma yaushe kika koma kamannin uwarki haka?"